Hannun da Drago Ya Ɗaga

Shekara goma sha huɗu Drago Matulic ya yi yana zuba narkakken ƙarfe a kamfanin bakin tafki, ran Lahadi kuma da an taso daga coci sai ya ɗaura takalmi ya je ya ci wa kulob ɗinmu na 'yan Kuroshiya ƙwallo a filin bayan makabarta. A unguwarmu in aka ce ɗan ƙwallo ba a tambaya wane. Da ƙwallonsa ya zo daga gida yana ɗan shekara sha tara, ya taɓa buga wa matasan wani babban kulob a can bakin teku, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba. Tsofaffi kan miƙe su ba shi kujera a zauren kulob, shi kuwa ya zauna abinsa, ko ɗan kawaici ba ya yi.

To, a shekarar 1978 wasu masu hannu da shuni suka kafa sabon lig na ƙwallon ɗaki. Garuruwa takwas, 'yan wasa a kan albashi, a buga da hunturu a cikin zauren da ake hoki, wasan nan na sanda da ake yi a kan ƙanƙara. Garinmu na jihar Ohio ya sami ƙungiya, aka sa mata suna Maƙera. Da Drago ya ji labari dariya ya yi har da dukan tebur. Ya ce ƙwallo a kan kafet, saura kuma a rataya labule a jera furanni. Sati biyu bayan nan sai ga shi a layin gwaji da shekara talatin da uku a kansa, ya aske 'yar furfurar da ta fara leƙowa a gefen kunnensa.

Bai je shi kaɗai ba. Motarsa ta ƙi tashi ranar, don haka ya sa ƙanin matarsa ya kai shi. Zlatko Peros ke nan, autan gidan surukansa, ɗan ashirin da uku. A nan aka haife shi, yaren gida ma da ƙyar yake haɗa jimla biyu. A kan ƙanƙara ya tashi da sandar hoki kamar sauran yaran garin, ƙwallon ƙafa kuwa Drago ne ya koya masa a bayan gida lokacin da yake neman yayarsa Vesna, don ya sami dalilin zuwa gidan kullum. A kulob benci yake ɗumamawa. Ya shiga gwajin ne kawai don ba ya son zaman jira a mota cikin sanyi. Koci Rennie, wani busasshen ɗan Scotland mai magana kamar yana tauna tsakuwa, ya ɗauke su su biyun.

Drago ya je ya ajiye aiki. Foman ya gaya masa ɓaro-ɓaro cewa rage mutane ake yi, wanda ya fita da ƙafarsa ya fita ke nan. Vesna ta yi kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba, ga 'ya'ya uku, ga hunturu ya kawo kai. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, duk jihar nan babu mai koya masa ƙwallo.

Abin da bai sani ba, wannan wasan da ƙwallon da ya sani suna kawai suka haɗa. Koren kafet ne aka shimfiɗa a kan ƙanƙara, sanyin yana ratso tafin takalmi. Mutum shida-shida har da gola, ba satar gida, ba jifa, don filin kewaye yake da katako da gilashi a sama, ƙwallo in ta doki katako dawowa take yi a ci gaba. A wasan farko, gaban mutum dubu bakwai, ƙwallo ta zarce ta doki katakon gefe, Drago ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jiran a yi jifa. Shekara ashirin da biyar ƙafarsa ta saba da haka, me za ta yi? Wani ɗan wasan Syracuse, ƙungiyar da suke karawa da ita, ya wuce ta gabansa da ƙwallon ya jefa a raga. Zauren ya kwashe da dariya, kuma har da muryoyin da Drago ya sani a ciki.

Zlatko kuwa sai ka ce a cikin katakon nan aka yanke masa cibiya. Yakan buga wa katako ƙwallo ya zagaye mutum ya karɓe ta a gaba, ya san inda za ta faɗo daga lungu tun kafin ta doka, duk abin da hoki ya koya masa ne. Ya ci uku a wasan farkon. Mai lasifika ya ja sunansa kamar zai tsinke maƙogwaro, mai kiɗan molo na zauren ya saki kiɗa, aka kashe fitilu aka haska shi shi kaɗai. Sunan Drago kuwa har ƙarshen kakar mutumin bai iya faɗa daidai ba, Matyulik yake cewa, wata rana ma Metalik.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Koci Rennie ya haɗa su a gurbi ɗaya. A wannan wasa ba a tsayar da ƙwallo don canji. Gudun ya yi yawa, ba mai iya wuce minti biyu a tsaye, don haka kowane gurbi mutum biyu ne: kai ka fito, abokinka ya tsallaka katako ya shiga, wasa na tafiya. Doka ta ce sai ka iso katako kafin shi ya diro, in ba haka ba kun yi yawa a fili, a kai mutum ɗaya kejin hukunci minti biyu ku buga da rashi. Amma a duk lig ɗin babu mai bin wannan dokar sau da ƙafa, don taku uku a nan ƙwallo ce. Abin da ake yi, in ka gaji ka ɗaga hannu ka fuskanci benci, abokinka ya diro tun kana sauran 'yan taku, alƙalin wasa ya kau da kai muddin ba ka sake taɓa ƙwallo ba. Koci ya maimaita musu wannan har suka haddace: wanda ya ɗaga hannu ya mutu, ko ƙwallo ta zo ta gaishe shi ya bar ta ta wuce. Kan amana kawai abin yake tafiya.

Wato duk sanda Drago ya ɗaga hannu, da kansa yake kiran Zlatko. Yana jin yadda zauren ke tashi tun bai kai katako ba, kuma ya san ba don shi ba ne, murnar fitarsa ake yi. Ya zauna a benci yana haki, tawul a wuya, yana kallon yaron da ya koya wa tare ƙwallo da cikin ƙafa yana shan tafi. Ƙyashi ne, ba sai an yi masa wani suna ba. Ya ci shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarƙashin mota a garin nan, a hankali kuma ba hutu.

Sai ya fara daɗewa a fili. Minti biyu ta zama uku, uku ta zama huɗu, ƙafafunsa sun yi nauyi, Koci yana ta ihu daga benci, shi ya yi kunnen uwar shegu. Zlatko na zaune a kan katako ƙafa ɗaya a rataye yana jira, in Drago ya fito a ƙarshe sai yaron ya dafa kafaɗarsa ya ce sannu Shogor, haka yake kiransa, wato mijin yaya, kalmar yaren gida da ta zauna masa sosai a baki. Da ma zai yi masa tsaki ko harara, da Drago ya samu abin kamawa. Yaron nan ko sau ɗaya bai ɗaga masa kai ba. Da ɗan jarida ya tambaye shi sirrinsa cewa ya yi duk abin da ya iya Shogor ne ya koya masa. Drago ya karanta a shagon aski, ya ji kamar jawabin da ake yi a bakin kabari, ya ninke jaridar ya tura ƙarƙashin kujera.

Lahadin da ba wasa a gidan Baba Jure ake cin abincin rana, uban su Vesna da Zlatko. Tsohon nan shekara goma yana yawo da sunan surukinsa a baki, duk mashayar da ya shiga sai ya ba da labarin ƙwallon da Drago ya ci 'yan Hungari da ka. Yanzu kuwa da an kawo naɗaɗɗen kabeji da gasasshen ɗan rago sai ya ture faranti, ya jera kwalbar gishiri da ta barkono, ya sa wuƙar burodi ta zama katako, ya shiga nuna yadda autansa ya yi da 'yan Dayton. Wata rana ya ɗaga kwalbar barkono ya ce wannan Drago ne, ya ajiye ta can gefe kusa da tulun ruwa, ya ce lokacin yana benci. Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ce, lokacin yana benci. Drago ya ajiye cokalinsa.

A mota a hanyar gida, yara na barci a baya, ya tambayi Vesna wa take zuwa kallo a zauren nan, don ya ji muryarta sarai a bayan benci tana kiran sunan ƙaninta. Ta dube shi ta ce shi ma tana kiran nasa, kunnensa ne ya daina ji. Ya ce to ai dole, wanda ba ya ci wa zai kira. Ta ce in ya ga dama ya yi kishi da duk Ohio, amma ban da yaron da ya goya a kafaɗa ya kai kallon wasa.

“Kishi? Ni? Da Auta?” Ya yi wata 'yar dariya da shi kansa bai yarda da ita ba, ya ƙara wa rediyo murya.

Tsakani da Allah, Drago bai zama banza a ƙungiyar ba. Zuwa Janairu ya gane katako daidai gwargwado, ba ya zubar da ƙwallo, yana komawa baya ya tare, kuma shi ke tsawata wa yara in kansu ya ɗau zafi. Zlatko yana ci, amma yana da rawar kai, sau tara yana shiga keji a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sau biyu kuma a kan saurin dirowa. Koci ya sha ce masa zai ɗaure shi da igiya a benci. Drago kan ji wani sanyi-sanyi a ransa duk sanda aka rufe ƙofar kejin nan, ya kuma tsani kansa a kan haka, amma sanyin bai fasa zuwa ba.

A tsakiyar Fabrairu Koci ya kira su ofis tare, bai ko ce su zauna ba. Ya ce masu ƙungiya sun sayo wani ɗan Ingila don baɗi, a gurbinsu zai buga, saboda haka ɗayansu ne zai zauna ya yi canji da shi, ɗayan ya nemi gabansa. Ya ce bai yanke ba tukuna, yana son ƙafar wannan da kan wancan, amma ba a sayar da su a haɗe. Zlatko yana da ƙwallo talatin da ɗaya lokacin, Drago goma sha biyu. Da suka fito Zlatko ya buɗe baki zai yi magana, Drago ya ce masa ya yi sauri ya buɗe mota sanyi yake ji.  Ta gaban kamfanin ƙarfe suka bi, Drago ya ga an sa sarƙa a ƙofar sashen da ya yi aiki.

Wasan ƙarshe ya faɗo ran Lahadi da rana, a watan Maris, da 'yan Syracuse ɗin nan dai. In Maƙera suka ci sun shiga zagayen neman kofi, in aka cinye su kowa ya tafi gida. Mutum dubu goma sha ɗaya suka cika zauren, unguwarmu kaf ta taho kai tsaye daga coci da kayan ado a jiki, Baba Jure da hularsa ta bikin aure. Zlatko ya ci biyu, Drago ya ba da ɗaya aka ci. Saura minti uku aka tsaya biyar da biyar.

Drago ne a fili, kuma ya daɗe. Ya san ya daɗe, cinyoyinsa suna rawa, bakinsa ɗanɗanon ƙarfe. Zauren ya fara kiran Zlatko, a hankali da farko, sannan da buga ƙafa har katako na amsawa. Ƙwallo tana can lungun 'yan Syracuse ana turereniya a kanta. Ya ɗaga hannun dama, bai kai shi sama sosai ba, daidai kunne, ya juya ya nufi benci. Ya ga idon Zlatko a kansa. Ya ga yaron ya dafa katako ya tsallako, takalmansa biyu sun sauka a kafet. Wannan bai taɓa yi wa kansa ƙarya a kai ba daga baya, ya gani da idonsa.

A daidai nan wani ya ɗirka ƙwallon, ta doki gilashin bayan raga ta yi tsalle ta dawo tsakiya, ta biyo bayan Drago tana gangarowa a hankali kamar an aiko ta. Golan 'yan Syracuse yana kwance a lungu. Raga a buɗe, ba kowa. Zlatko na tahowa da gudu daga dama, taku shida ya rage masa, kuma Drago ya san abin da zai biyo baya: a kashe fitilu, a saki kiɗa, a ja sunan nan, ran Lahadi mai zuwa kwalbar gishiri ta ci ƙwallo, ta barkono tana gefen tulu. Ba zai ce ƙafarsa ce ta yi gaban kanta ba. Ya sami lokacin tunani, ɗan kaɗan ne amma ya isa. Ya juya ya buga ta da hagu, ta shige can sama a kusurwa.

Na daƙiƙa biyu zauren nasa ne. Mutum dubu goma sha ɗaya a tsaye, kuma shi suke wa ihu. Sannan usur ya ratsa, alƙalin wasa yana kaɗa hannu yana ƙirga rigunan Maƙera da yatsa. Bakwai. Ba ƙwallo. Ya nuna wanda ya shigo, ya nuna keji.

Zlatko ya tsaya ya dubi Drago. Bai ɗaga hannu ya yi gardama ba, bai nuna shi ba, kallonsa kawai ya yi, sannan ya sunkuyar da kai ya tafi aka rufe masa ƙofa. Koci, wanda idonsa ke kan ƙwallo a lungu lokacin da abin ya faru, ya yi jifa da allon tsara wasan da ke hannunsa har ya tsage. Da daƙiƙa arba'in a cikin hukuncin 'yan Syracuse suka ci, suka kuma ƙara ɗaya da Koci ya fitar da gola ya sa ɗan gaba a madadinsa don neman ramawa. Mutanen da suka yi wata huɗu suna kiran Zlatko suka yi masa ihun banza yana fita, wani ya jefe shi da kofin giya.

Washegari jaridar gari ta buga hotonsa a keji, kansa a cikin tawul, ta ce rawar kan yaro ta ɓarar wa tsohon hannu ƙwallon da za a daɗe ana tunawa. A shagon aski kowa ya zama koci, kowa ya san dama yaron ba shi da haƙuri, ai wannan ne karo na uku. Baba Jure ya buga wa Drago waya da kansa yana ba shi haƙuri, ya ce ɗansa ya kunyata shi ya kuma cuci mijin yayarsa. Drago ya ce ba komai Baba, yaro ne. Ya ajiye wayar ya tsaya yana kallonta. Vesna tana wanke-wanke a bayansa, ta bar famfo yana zuba ya fi ƙarfin kwanon da ke hannunta, ba ta juyo ba. Wurin zamanta a zauren layi na biyu ne a bayan benci, kuma bai tambaye ta abin da ta gani ba.

Abin da ya fi ba shi tsoro, ya ci abinci sosai a kwanakin nan. A titi mutane na tare shi su riƙe hannunsa su ce kai, wannan ƙwallo, da ta tsaya. Wani ɓangare na ransa yana ƙuna, wani ɓangaren kuwa yana shan abin kamar miya. Sau biyu ya ɗauki makullin mota zai je gidan surukansa, sau biyu ya mayar da shi kan ƙusa.

Ran Laraba da safe Koci ya aiko a kira shi. Takardar kwantiragin baɗi na kan tebur, biro a kai. Koci ya ce kafin komai yana da tambaya ɗaya, don golan Maƙera ya ce masa kamar ya hangi hannu a sama, kamar kuma bai hanga ba.  Drago ya buɗe baki, har yau bai san abin da zai fito ba, Koci ya riga shi.

“Bar shi ma. Zlatko ya zo tun ƙarfe takwas. Ya ce ba ka ɗaga ba, shi ne ya ga ka juyo ya ɗauka fitowa za ka yi. Ya ce in sallame shi.” Ya turo takardar. “Ina son mutumin da zan juya wa baya in san doka tana nan. Sa hannu.”

Shiru kawai ake buƙata daga gare shi, shirun kuma ya yi. Ya sa hannu, Koci ya girgiza masa hannu ya ce a gaida iyali.

A filin ajiye motoci dusar ƙanƙara ta fara narkewa ta zama baƙin taɓo. Zlatko na can yana cusa jakar kayansa da takalma a but ɗin motarsa. Drago ya so ya wuce, amma babu hanyar zuwa motarsa sai ta nan. Ya tsaya. Ya ga yaron ya rame a kwana uku, gemu ya tsiro masa.

“Auta.”

“Shogor. An gama?”

“An gama.” Ya dubi taɓon da ke ƙafarsa. “Me ya sa ka ce masa haka?”

Zlatko ya rufe but ɗin, bai kama ba, ya sake bugawa. “Na ga hannunka. Kai ma ka ga na diro. Ba sai mun yi ta maimaitawa ba.”

“To me ya sa?”

Drago ya shirya wa zagi. Ya shirya wa naushi ma, har yana so, da ya tsaya an fasa masa baki ya tafi gida da sauƙin rai. Amma yaron ya jingina da mota ya sa hannu a aljihu, ya yi magana a hankali, ba fushi a ciki ko kaɗan, kamar mai bayyana wa tsoho hanyar asibiti. Ya ce tun ran Litinin ƙungiyoyi biyu suka bugo masa waya, 'yan Syracuse ɗin ma suna ciki, da wata sabuwa da za a kafa a Omaha. Ya ce dama tun ranar da Koci ya kira su ofis ya yi niyyar ya ce shi zai tafi, a mota ya so ya gaya masa bai samu fuska ba. Wasan ƙarshe kawai yake jira ya wuce.

“Da ka bar ƙwallon nan, Shogor, da mun shiga kofi, kuma da gurbin naka ne duk da haka.” Ya ɗan ɗaga kafaɗa. “Ni duk inda na je za a ɗauke ni. Kai fa? Ga Vesna, ga yara.”

Ba gori ya yi masa ba, Drago ya leƙa fuskarsa yana neman gorin bai samu ba. Tausayi ne zalla. Ya ji abin nan da ya yi wata huɗu yana cinsa ya taso masa har wuya, ya fi na kowace rana, don ko a nan ma yaron ya fi shi, kuma wannan karon ba katako ba ne balle ya ce hoki ne ya koya masa.

Zlatko ya shiga mota ya tayar, ya sauke gilashi ya ce zai biya ya yi wa yara sallama ran Asabar, kada a gaya wa Baba komai, zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Drago ya gyaɗa kai. Motar ta fita ta bar shi tsaye da kwafin takardar a hannu, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya rasa aljihun da zai sa ta.